Akwatin mita 1 kafin ka juya fayil zuwa OBJ

Jama'a, kafin ku fitar da zanen gini daga manhajar SketchUp zuwa manhajar Blender a fayil ɗin OBJ, ku ajiye ɗan akwati mai mita 1 a gefensa.

OBJ, wato wani nau'in fayil na zanen 3D, lambobi kawai yake ɗauka, ba ruwansa da mita ko milimita. Na taɓa buɗe fayil na ga allo wayam, ashe gidan ya ninka sau 1,000, ina tsakiyar bango ban sani ba!

In akwatin na nan, ka auna shi, ka daidaita girman, ka goge shi.

Sai dai ba ya hana launuka ɓacewa. Wannan kam sai fayil ɗin MTL, mai ɗauke da bayanin launuka, da hotunansa sun bi OBJ ɗin. In mai karɓa zai iya buɗe GLB, shi ma nau'in fayil na zanen 3D, tura masa shi: da mita yake aiki, hotunan ma suna ciki.