Yadda ake ajiye tarihin gyaran injinan ɗakin gwaje-gwaje a manhaja

Na sha ganin an girka manhajar kula da kayan aiki a ɗakin gwaje-gwaje, a yi ta murna, kafin wata biyu an koma kan tsohon littafi mai baƙin bango. Kusan kullum a wuri ɗaya ake tuntuɓe, wato wajen rubuta rahoton matsala, shi ya sa zan daɗe a kansa.

Fara da zaɓen manhaja, kuma kada ka ɓata mako guda a nan. Ni Snipe-IT nake ɗorawa: kyauta ce idan a kwamfutarka za ta zauna, tana buga lambar QR, tana da shafin gyare-gyare na kowane inji. Idan ɗakin bincike ne na jami'a da ake layin amfani da inji ɗaya, ɗauki eLabFTW, don tana da jadawalin kama lokaci. Tsohuwar kwamfutar tebur ta isa, a haɗa ta da rauta ko babu intanet. Kuɗin da za ka kashe a kan UPS yake, wato na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, kuma kada ka yi rowarsa, domin ɗauke wuta ana cikin rubutu yana iya lalata rumbun bayanan.

Daga nan ɗauki biro da takarda ka zaga. Kowane firji, firiza, ma'auni da injin juya jini ya sami lambarsa, kamar FRJ-003. Kada sunan ɗaki ya shiga cikin lambar, kayan lab ƙaura suke yi. Rubuta kamfanin da ya ƙera, samfuri, siriyal lamba, ranar da aka karɓa, ranar da ya fara aiki da ƙarewar garanti. Irin bayanan da ƙa'idojin ingancin lab na duniya, ISO 15189 da ISO/IEC 17025, suke nema ke nan, ranar da masu tantancewa suka zo ba sai ka kwana kana haɗa takardu ba. Zuba su a fayil ɗin CSV, wato jadawali irin na Excel, ka shigar da su manhajar gaba ɗaya. Lambar QR da ka buga ka manna a jikin inji kuwa, rufe ta da salatif mai faɗi, in ba haka ba sifirit da bilic za su cinye ta.

To, ga inda ake faɗuwa: rubuta rahoton matsala. A wani lab da na yi aiki, injin juya jini ya kama girgiza yana kashe kansa. Aka ɗauko injiniya daga wani gari, ya gyara cikin 'yan mintoci, abokin aikinmu ya rubuta "an gyara". Bayan watanni aka yi masa canjin wurin aiki, girgizar ta dawo. Kwanaki muna aika samfur waje, marasa lafiya suna jiran sakamako, muka sake biyan kuɗin mota da na aiki. Ashe wani ne yake musanya kofunan injin da na wani inji wajen wanki, nauyinsu kuma ba ɗaya ba ne. Layi guda da an rubuta, da mai bautar ƙasa ma ya warware ta. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Tun daga ranar, rahoto ba ya wucewa a wurina sai da abu huɗu. Me aka gani ko aka ji, da lambar kuskuren yadda ta fito a allo, da hotonta. Wane hali ake ciki: wutar NEPA ce ko janareta, nawa ma'aunin zafin ɗakin ya nuna? Wannan ba ƙaramin abu ba ne, injin GeneXpert, wanda ake gwajin tarin fuka da shi, an yi shi ne ya yi aiki tsakanin digiri 15 zuwa 30, mu kuwa a watan Afrilu waje yana haura 40. In na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, rahotannin da kansu za su nuna maka cewa da rana tsaka yake yawan ƙin aiki. Na uku, abin da aka gwada bai yi ba. Shi mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ke hana na baya maimaita wahala. Na huɗu, abin da ya yi aiki, kayan da aka canza, wanda ya canza, da kuɗin.

Kuma a rubuta shi injiniya yana tsaye. Kada ka sa hannu a takardarsa sai ya faɗi abin da ya taɓa, an shigar a gabansa. In ya fita ƙofa, sai dai ka yi ta bin sa a waya.

Sauran mai sauƙi ne. Sa ranar daidaita awon kowane fifet (bututun auna ruwa) da ma'auni, ka riƙa duba jerin duk Litinin. Da hunturu a riƙa share matatar iskar injina a kai a kai saboda ƙura. Liƙa littafin bayanin kowane inji na PDF a shafinsa. Kowa da sunan shigarsa, ban da kalmar sirri ɗaya ta kowa da kowa. Duk Juma'a kafin a tafi masallaci a kwafe bayanan a filas, a ajiye shi a wani ɗaki daban.