Yadda ake koyar da kalmomi a kowane darasi

A yawancin makarantun Zariya, daga Tudun Wada har Samaru, da Hausa yaro yake tunani, amma da Turanci ake yi masa jarrabawa. Sau da yawa idan ya faɗi lissafi ko kimiyya, ba aikin ne ya gagare shi ba, kalma ɗaya ce a cikin tambayar ta sha masa kai. Saboda haka bai kamata a bar wa malamin Turanci wannan kaya shi kaɗai ba.

Da zaɓen kalmomi ake farawa. Malaman da ke shiga aji ɗaya, misali aji biyu na ƙaramar sakandare, su zauna minti 20 ranar Alhamis, kowa da darasin da zai koyar mako mai zuwa. Su fitar da kalma 8 zuwa 10 kawai. Idan aka kai 30, yara za su kwafe su tsaf, su kuma manta su tsaf. Rabin kalmomin su zama na fanni, waɗanda darasi ba ya tafiya sai da su. Sauran kuwa, kuma su ne aka fi sakaci da su, su zama masu yawo daga wannan darasi zuwa wancan. "Root" saiwa ce a wurin malamin aikin gona, amma a lissafi lambar da aka ninka da kanta ce: 5 ita ce ta 25. "Product" kayan sayarwa ne a darasin kasuwanci, a lissafi kuwa amsar sau ce. Yaron da ya riƙe ma'ana ɗaya zai shiga ɗaya ajin da ita, ya ruɗe, malami kuma ya ɗauka daƙiƙanci ne. A sa har da kalmomin umarni na takardun WAEC da NECO, irin su "state" da "explain", domin na farko jero amsa yake nema, na biyu kuwa sai an kawo dalili.

Gabatar da kalma ɗaya ba ya wuce minti 3, kuma kada a wuce kalma biyu a darasi mai minti 40. Malami ya rubuta ta a allo da manyan baƙaƙe, ya furta sau biyu, yara su maimaita. Sai ya faɗi ma'anarta da Hausar gida, a taƙaice. Kada ya kwafo bayanin ƙamus, domin yakan zo da wasu kalmomi uku da suka fi ta farkon wuya. Daga nan ya nuna abin, in ana iya nunawa. In zaizayar ƙasa ce, ya tara yashi a faranti, ya ɗan karkata shi, ya tsiyaya ruwa daga buta. Ya kawo misalin da yara suka sani: gaɓar rafin Kubanni bayan ruwan Agusta, ko ganuwar Zazzau da damina ke ci shekara da shekaru. Ya kuma kawo abin da ya yi kama amma ba shi ba ne, kamar ramin da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini. Wannan misali na ƙarshe shi ke bambanta wanda ya gane da wanda ya haddace.

A nan wasu malamai ke tsayawa, kuma a nan aikin ke lalacewa. Bayani da Hausa yana buɗe kai, amma in ba a komo ga Turancin ba, yaro zai san abin ya kasa rubuta shi. Don haka kowa ya juya ga na kusa da shi ya yi jimla da kalmar, sannan malami ya kira mutum uku, ɗaya daga can bayan aji. Amsar taro ba shaida ba ce. A aji mai yara 80, ashirin ne ke amsawa, saura baki kawai suke motsawa.

Kowane ɗalibi ya ware littafi guda mai warƙa 40 don kalmomi, na dukkan darussa, ba a raba ba. A ja layi a raba shafi gida huɗu: kalmar, ma'anarta da bakinsa, zane ko misali, sai jimlarsa. Idan kalmar ta sake ɓullowa a wani darasi da wata ma'ana, a koma shafin nan a ƙara, a rubuta sunan darasin a gefe. A bango kuma a liƙa kwali mai kalmomin makon. In babu kwali, a tsaga kusurwar allo a hana monita gogewa.

Bita ita ce ke sa kalma ta zauna. A waiwaye ta washegari, sai bayan kwana uku, sai mako mai zuwa, sai ƙarshen wata, kowane karo minti biyu kafin a shiga darasi. Ya fi kyau wani malamin daban ya yi waiwayen: malamin tarihi ya tambayi me ya cinye ganuwa, na aikin gona ya tambayi dalilin da ake yin kunya a gicciye a gona mai gangara.

Ranar Juma'a a yi ɗan gwaji na minti 10. Kada a ce su rubuto ma'ana, hadda za su zuba. A ba su jimloli biyar masu gurbi su cike, da tambaya ɗaya ta ainihi daga darasin da kalmar ke ciki. Duk kalmar da fiye da rabin aji suka kasa, a mayar da ita cikin jerin mako mai zuwa, a rage sabuwa ɗaya domin kada adadin ya haura goma.