Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Zana Bishiyar Matsala a Intabiyun Kamfanonin Ba da Shawara

Duk wanda ya nemi aiki a manyan kamfanonin ba da shawara kan harkokin kasuwanci, irin su McKinsey da BCG da Bain, ya san cewa takardun shaidar karatu kaɗai ba sa kai mutum ga kujerar. Sai ya zauna gaban mai yi masa intabiyu, a karanta masa matsalar wani kamfani cikin jimloli uku ko huɗu, sannan a zuba masa ido a ga yadda zai warware ta cikin kimanin rabin sa'a. Abin da ake sa ran ya fara yi shi ne ya nemi minti ɗaya ko biyu ya zana bishiyar matsala, wato ya rubuta babbar tambaya a gefen hagu na takardarsa, ya raba ta zuwa rassa biyu zuwa huɗu, kowane reshe kuma ya sake rabuwa har a kai ga ƙananan tambayoyin da alƙaluma za su iya amsawa. A cikin waɗannan mintoci ne mutane masu ƙwazo da yawa suke yin asarar aikin, kuma kurakuran nasu kusan iri ɗaya ne.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce mai intabiyu ya ce: "Wani kamfanin jiragen sama ribarsa ta ragu da kashi 20 cikin ɗari a shekara biyu, alhali yawan fasinjojinsa bai ragu ba. Shugaban kamfanin yana son ya san dalili, kuma yana son ya san abin yi."

Kuskuren farko yana faruwa ne tun kafin a zana reshe ko ɗaya. Mutum ya ji an ambaci riba, sai ya rubuta "yadda za a ƙara kuɗin shiga" a tushen bishiyarsa, ya kama gina rassa a kan tambayar da ba ita aka yi masa ba. Gyaran wannan ba shi da wuya: ya maimaita matsalar da bakinsa domin a tabbatar masa, ya yi tambaya biyu ko uku masu amfani, kamar ko sauran kamfanonin jiragen ma ribarsu ta ragu, da kuma inda shugaban yake son ribar ta kai, sannan ya rubuta tushen a matsayin cikakkiyar tambaya mai ɗauke da adadi da lokaci.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa, kuma a ganina ya fi kowanne illa, shi ne zuwa da tsarin da aka haddace. Akwai tsare-tsaren nazarin kasuwa da suka shahara, kamar tsarin abubuwa biyar masu tasiri a kan gasar kasuwa da Michael Porter ya fitar a mujallar Harvard Business Review a 1979, ko rabon harkar talla zuwa kaya da farashi da wurin sayarwa da tallatawa wanda Jerome McCarthy ya kawo a 1960. Kowannensu yana da amfani a muhallinsa, amma mai neman aiki yakan haddace guda uku ko huɗu, sai ya riƙa ƙaƙaba su ga kowace matsala kamar telan da yake ɗinka wa kowa riga da awon mutum ɗaya. Sai ka ga an zana "kamfani, abokan ciniki, abokan hamayya, kaya" a kan matsalar kamfanin jiragen, rassan da za su zauna daidai haka ko da matsalar ta gidan burodi ce. Mai intabiyu ya ga irin wannan zane sau ba adadi, kuma abin da yake nuna masa shi ne mutumin bai yi tunani a kan wannan kamfani ba.

Maganinsa shi ne a fara da lissafi, sannan a cika rassan da kalmomin sana'ar da ake magana a kai. Riba ita ce kuɗin shiga idan an cire kashe-kashe. Kuɗin shiga na kamfanin jirage ya haɗa da na tikiti da na dakon kaya da na ƙarin nauyin jaka. Kuɗin tikiti kuwa yawan fasinjoji ne sau matsakaicin farashin tikiti, shi kuma yawan fasinjoji yana fitowa ne daga yawan tashin jirage, da yawan kujerun kowane jirgi, da kason kujerun da suke cika. A ɓangaren kashe-kashe akwai man jirgi, da albashin matuƙa da sauran ma'aikata, da hayar jirage, da gyara, da kuɗin da ake biyan filayen jirgin sama. Wanda ya zana wannan ya nuna cewa ya hango yadda kamfanin yake samun kuɗi da yadda yake kashe su, ko da bai taɓa aiki a harkar sufurin sama ba.

Daga nan sai matsalar rassan da suke shiga cikin juna. Ƙa'idar da ake kira MECE, wadda ake danganta ta ga Barbara Minto da ta yi aiki a McKinsey daga 1963 zuwa 1973, tana da sharuɗɗa biyu: kada reshe ya ci iyakar wani reshe, kuma kada a bar wani abu a waje. Sharaɗin farko ne aka fi karyawa. Mutum zai raba fasinjoji zuwa 'yan kasuwa, da masu yawon buɗe ido, da masu zuwa ƙasashen waje, da masu sayen tikiti ta intanet, ba tare da ya lura cewa ɗan kasuwar da ya sayi tikitin Dubai ta wayarsa ya faɗa cikin rassa uku a lokaci guda ba. Idan aka zo tara alƙaluma, za a ƙirga kuɗin wannan mutum sau uku. Asalin kuskuren shi ne haɗa ma'aunai daban-daban a mataki ɗaya: dalilin tafiya, da inda za a je, da hanyar sayen tikiti. Sai a zaɓi ma'auni ɗaya ga kowane mataki, a fara da tafiye-tafiyen cikin gida da na waje, sannan a ƙarƙashin kowannensu a raba bisa ajin kujera. Gwajin da za a yi cikin daƙiƙu kaɗan shi ne a ɗauki fasinja guda a zuci, a bi da shi ta bishiyar, a ga ko wuri ɗaya tak zai sauka.

Sharaɗi na biyu kuwa yawanci ana karya shi ne da mantuwa, kamar a bar kuɗin dakon kaya a waje. Wasu sukan toshe wannan giɓi da reshen da suke kira "sauransu", wanda ba laifi ba ne idan abin da ke cikinsa ƙarami ne, amma bai kamata ya zama maɓoyar abin da aka kasa tunowa ba.

Akwai kuma masu cakuɗa dalili da magani, sai ka ga "tsadar man jirgi" tana zaune kusa da "a rage ma'aikata" a mataki ɗaya. Bishiyar da take tambayar me ya sa daban take da wadda take tambayar yaya za a yi, kuma ta farko ce take zuwa kafin ta biyu.

Ko bishiyar ta yi kyau, mutum yana iya ɓata ta wajen gabatarwa, idan ya karanto rassa goma sha biyu da murya ɗaya, ya yi shiru yana jiran a ce masa ga inda zai fara. Amfanin bishiya shi ne ta nuna inda ya kamata a fara tono, kuma sau da yawa an riga an ajiye alamar a cikin tambayar. An ce yawan fasinjoji bai ragu ba, don haka wannan reshe ya fita, manyan rassan da suka rage su ne farashin tikiti da kashe-kashe. Abin da ya dace ya ce shi ne: "Tunda kun ce fasinjoji ba su ragu ba, ina zaton ko dai farashin tikiti ne ya sauka ko kuwa kashe-kashe ne suka hau. Zan so in fara da man jirgi, domin yana cikin manyan abubuwan da kamfanin jirage yake kashe wa kuɗi. Ko muna da alƙalumansa na waɗannan shekaru biyu?" Ɗan lissafi kaɗan yana ƙara wa wannan zato ƙarfi. A ce a cikin kowace naira 100 da ta shigo ana kashe 90, riba ta zama 10. Raguwar kashi 20 cikin ɗari naira 2 ce kacal. Idan mai yana cin naira 30 daga cikin 90 ɗin, hauhawar farashinsa da kashi 7 cikin ɗari ta isa ta cinye wannan naira 2 baki ɗaya. Wanda ya yi wannan lissafi a fili ya nuna dalilin da ya sa ya zaɓi reshen, ba wai ya yi canki-canka ba ne.

Abin takaici shi ne yadda wasu suke yin duk wannan daidai, amma da zarar an miƙo musu jadawalin alƙaluma na farko sai su ture takardar bishiyar gefe, su riƙa bin duk inda zance ya kai su. Wannan ya fi faruwa a intabiyun da mai tambaya ne yake jan ragama, kamar yadda aka saba a McKinsey, inda ake tsallakawa daga tambaya zuwa tambaya. Ya kamata takardar ta zauna a gaban mutum har ƙarshe, duk adadin da ya samu ya rubuta shi a kan reshensa, duk reshen da aka wanke ya soke shi da biro, ya kuma faɗi a fili abin da ya rage. Idan alƙaluman suka nuna cewa farashin mai bai motsa ba, amma asarar duk ta taru a hanyoyi biyu na ƙasashen waje inda wani kamfani ya shigo da tikiti mai rahusa, to zaton farko ya faɗi, kuma babu abin kunya a ce haka. Sai ya ce wa mai intabiyu zai sake raba matsalar bisa hanyoyin tafiya, ya zana ƙaramar bishiya ta biyu ga waɗannan hanyoyi biyu kaɗai: a rage farashi a yi gogayya, ko a rage yawan tashi, ko a sa ƙananan jirage, ko a janye daga hanyar gaba ɗaya, tare da lissafin abin da kowane zaɓi zai mayar wa kamfanin daga cikin ribar da ya rasa.