Kurakuran da aka fi yi idan aka kawo makaɗan gargajiya ƙaramin ɗakin taro

Kalangu da kotso da goge da gurmi ba a cikin ɗaki suka tashi ba. A ƙofar fada aka san su, da dandali, da filin dambe, da gona ranar gayya, da tsakar gida ranar biki. Yanzu kuwa ƙungiyoyin ɗalibai da na raya al'adu da masu gidajen wasa suna gayyato makaɗa zuwa ɗaki mai cin mutum 100 ko 200, a sayi tikiti, a zauna a saurara. Abu ne mai kyau ƙwarai, kuma ina son ya yawaita, domin a irin wannan ɗaki ne mutum ke iya jin kowace kalma da ta fito daga bakin mawaƙi. Amma sau da yawa wannan ribar ce masu shirya taron ke fara zubarwa da hannunsu.

Ɓarnar takan fara daga wurin mai lasifika. Ana ɗauko wanda ya saba da gangamin siyasa ko bikin fili, ya jibge manyan akwatuna huɗu a ɗakin da bangonsa siminti ne, ƙasansa tayil, rufinsa kwano. Irin wannan ɗaki ba ya shanye sauti, dawo da shi yake yi. Kalangu biyu da kuntuku ɗaya sun isa su cika shi ba tare da wuta ba. Idan aka sake kafa musu makirufo, sai ganga ta hau kan murya, mawaƙi ya koma ihu don a ji shi, kafin waƙa ta uku muryarsa ta dushe, jama'a kuma su tashi da ciwon kai ba su riƙe baiti ko ɗaya ba. Gyaran ba shi da wuya. A fara da murya: ta ubangidan kiɗa, sannan ta 'yan amshi. Bayan su sai kayan tsarkiya masu ƙaramin sauti, irin su gurmi da kukuma da molo. Kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi gwangwani ne da fata da tsarkiya ɗaya, in ba a kusanto masa da makirufo ba, na layi na biyar ba zai ji shi ba. Ganguna kuwa a bar su haka, in ma an ga dole, makirufo ɗaya daga nesa ya wadatar.

Akwai kuma wani maɓalli da masu lasifika ke ƙauna, na amsa-kuwwa, wanda suke kira eko. A rage shi har ƙasa. Ɗakin da kansa yana yin nasa, ƙarin na na'ura sai ya sa kalmomi su riƙa cin karo da juna. Waƙar Hausa magana ce. Kirari da habaici da zambo da karin magana su ne naman, kuma kalangu kansa hawa da saukar muryar Bahaushe yake bi. Wanda bai ji kalma ba bai ji waƙar ba. Ƙarar nan mai huda kunne da lasifika ke yi kuwa, sababinta ɗaya ne: makirufo ya tsaya a gaban lasifika yana ɗaukar abin da take fitarwa. A ajiye lasifikokin gaba da inda mawaƙa suke, suna fuskantar jama'a. In bango ya cika dawo da sauti, a rataya labule mai kauri ko darduma a bangon baya, a shimfiɗa tabarmi a ƙasa. A kuma tuna gwajin da aka yi ɗaki babu kowa zai sauya da zarar mutane sun cika shi, saboda jiki da tufafi suna shan sauti. Don haka mai na'ura ya zauna a bayan ɗaki inda zai ji abin da jama'a ke ji, kada ya laɓe a gefen dandamali.

'Yan amshi ana yawan yi musu riƙon sakainar kashi. A ba shugaba makirufo mai kyau, mutum biyar kuma su yi ta miƙa wuya a kan guda ɗaya. Alhali a waƙar fada da yawa amshi ne ke ɗauke da rabin aikin: shugaba ya jefa farkon ɗa, wato baitin waƙa, su karɓe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari, shi kuma ya samu numfashi ya shirya na gaba. Duk wanda ya saurari ƙungiyar Musa Ɗanƙwairo ya san haka. A tanadar musu makirufo biyu aƙalla, kuma kada a jera su layi ɗaya kamar masu ɗaukar hoto. Su zauna kusa da ubangidansu, a ɗan lanƙwasa, yadda za su ga bakinsa da hannunsa. Mafi sauƙi shi ne a tambaye shi tun da rana: "Sarkin Kiɗa, ranka ya daɗe, wa ke zama damanka, wa ke hagu?" Ya fi kowa sanin zaman yaransa.

Kuskure na gaba daga kwaikwayo yake zuwa. An ga yadda ake yi a wasu wurare, sai a ɗora makaɗa kan dogon dandamali, a kashe fitilun ɗaki, a haske musu ido, a ce kowa ya yi shiru sai an gama a tafa. Makaɗin Hausa ba ya yi wa duhu waƙa. Yana duban fuska, ya ga wanda ya gyaɗa kai, ya ga wanda ya shigo, ya sako sunansa da na ubansa da garinsu, waƙar ta ɗauki wuta daga nan. A bar fitilar ɗaki a kunne ko da rabi ce. Dandamali kada ya wuce tsayin gwiwa, layin farko kuma ya matso kusa. A bar hanya a tsakiya domin mai son tashi ya yi kyauta ko ya taka. Sanƙiran ƙungiya ma kada a ce mai gabatarwa ya maye gurbinsa, aikinsu ba ɗaya ba ne. Mai gabatarwa ya buɗe taro ya koma ya zauna. Sanƙira shi ke sanar da kyauta, yana cusa kirari a tsakanin ɗiyan waƙa, kuma yana bukatar a rubuta masa ko a raɗa masa sunayen manyan da ke wurin da sarautunsu daidai. Kiran Ɗan'iya da sunan Ciroma a bainar jama'a ba ƙaramin abin kunya ba ne.

Tunda an zo maganar kyauta, a Najeriya sai an yi hattara da liƙi. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana watsa naira ko taka ta a wurin biki, hukuncin kuma ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma hukumar EFCC ta gurfanar da mutane a kan haka. Wasu masu shirya taro, don tsoro, sai su hana kyauta gaba ɗaya, wanda hakan kashe wasan ne. A ajiye faifai ko ƙwarya a gaban makaɗa, mai kyauta ya sa a ciki ko ya miƙa wa sanƙira a hannu, a sanar. Mai son turawa ta waya a rubuta masa lambar asusun ƙungiyar a bakin ƙofa.

Amma kada a ce kyautar ita ce ladan makaɗa. Wannan zalunci ne da ake yi da sunan al'ada. A filin biki inda attajirai ke gasar a ji sunansu, makaɗi na iya dogara da abin da zai tara. A ɗakin mutum 150, yawancinsu ɗalibai da malamai, abin da za a tara ba zai biya motar mutum goma ba. A yi ciniki tun farko, a ba da kafin alƙalami, a faɗi wanda zai ɗauki kuɗin mota da abinci da masauki, a cika sauran kafin su hau. Abin da aka samu a faifai nasu ne, ba a cire shi daga jinga. In kuɗin bai kai na babbar ƙungiya ba, a nemi mai gurmi ko mai kukuma da yaransa biyu. Su ne ma suka fi dacewa da ƙaramin ɗaki.

Sai rashin sanin gidan kowane kiɗa. Ana ɗauka duk abin da aka kira na gargajiya ɗaya ne, a zuba su a jeri. Ba haka ba ne. Kotso da taushi na fada ne: Ibrahim Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, Salihu Jankiɗi kuma na Sarkin Musulmi. Makaɗin fada yana da ubangida, kuma cikin yabon ubangidansa akwai zambo ga masu ja da shi. In a ɗakin akwai ɗan gidan da zambon ke nufi, gara a gaya wa makaɗin tun da wuri ya san waƙar da zai ɗauko. Tambari da kakaki kuwa ba a ɗauko su don ƙawata taro, na sarki ne, sai da izinin fada. Kalangu asalinsa na mahauta ne, duk da Mamman Shata ya fita da shi ya zama na kowa. Garaya tana da alaƙa da mafarauta da kuma bori, goge ma haka wajen bori, saboda haka akwai taken da in aka kaɗa a gaban wasu mutane, taron zai koma wani abu da ba a shirya masa ba. Kiɗan maza, na 'yan dambe da 'yan tauri, zuga ce, kuma ɗaki mai ƙofa ɗaya ba wurin zuga matasa ba ne. Ba cewa nake a guji waɗannan ba. A zauna da makaɗin a yi magana a kan wa zai zo da abin da ya dace.

Masu amada, irin kiɗan ƙwaryar da Barmani Choge ta shahara da shi, nasu tanadin daban ne. A zaune suke kiɗa, suna bukatar shimfiɗa da ruwan da za a kifa ƙwarya a kai, da wurin shiri nasu na mata. A nisanta wayoyin wuta daga ruwan.

Wani abin da ke ci mini rai shi ne cusa fiyano. Sai a ga kamar gurmi shi kaɗai bai cika kunne ba, a kira yaro mai fiyano ya raka shi, ya kunna gangar na'ura mai bugu ɗaya ba sauyi. Yawancin kiɗanmu a kan sautuka biyar yake tafiya, kuma mai goge yana ɗaure tsarkiyarsa daidai da muryarsa ne, ba daidai da na'ura ba. Fiyano sai ya ja shi wani wuri, gangar na'ura kuma ta hana shi jan numfashi ko saurin da waƙa ke nema in ta yi zafi. Haɗin yana yiwuwa, amma sai baƙon kaya ya bi na gida. Ali Farka Ture na Mali, wanda Turawa ke kwatanta kiɗansa da buluz na baƙaƙen Amurka, da kayan tsarkiya ɗaya ya fara kafin ya ɗauki jita, shi ya sa jitarsa ke magana da harshen gida. Masu jita na Agadas ma jitarsu da harshen gida take magana. In ana son haɗi, a ba su kwana biyu su zauna tare, mai jita ya saurara ya daidaita da mai gurmi. In babu wannan lokacin, a bar kowa ya yi nasa.

Fata ma tana da nata hali. Da damina takan saki, sautin kotso ko goge ya mutu, sai an gasa ta. A tanadi garwashi a kasko a bayan ɗaki, wajen da iska ke shiga, kuma kada a ajiye kayan kiɗa a ƙasa mai danshi ko a bakin na'urar sanyaya ɗaki. Makaɗa su iso da wuri kayan su saba da iskar wurin.

Lokaci kuwa jawabai ne ke cinye shi. Shugaban taro, babban baƙo, uban taro, uwar taro, kowa da nasa, makaɗa na zaune tun La'asar, sai dab da Magariba a ce su yi minti goma-goma. Minti goma share fage ne kawai: a gaida Allah da Ma'aiki, a kaɗa take, murya ta buɗe, hannu ya yi zafi. Ƙungiya biyu, kowace da kamar minti 45, ta fi shida da ake katsewa. A tsara sallah cikin shirin, ko a fara bayan Isha'i, a gama kafin dare ya yi nisa saboda maƙwabta da masu komawa gida. Janareto a kai shi nesa da taga. Izini ma a nema tun da sauran kwanaki. A Kano, misali, Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i da Hisbah suna da ta cewa a kan tarukan kiɗa, mai unguwa da 'yan sandan yankin ma ya kamata su sani.

Ɗaukar wasan shi ne abin da ake tunawa a makare. Wayoyi hamsin a sama, kowa na ɗaukar guntu mai ƙara, washegari an watsa a TikTok babu sunan kowa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba mai wasa iko a kan ɗaukar wasansa da yaɗa shi, don haka a nemi yardar shugaban ƙungiya kafin a kafa kyamara, a faɗa masa inda za a sa, in da kuɗi a ciki a faɗi rabonsa. A sa mutum ɗaya ya ɗauka da kyau, sautin ya fito daga makirufo mai kyau da aka ajiye gaban makaɗa. A rubuta ranar da wurin, da sunan kowace waƙa da wanda aka yi wa, da sunayen 'yan amshi da masu ganga ɗaya bayan ɗaya, ba na shugaba kaɗai ba. Kafin su hau mota a tura wa ƙungiyar nata kwafin.