Yadda ake kauce wa fashewar sauti a manhajar Audacity

Sauti yana fashewa ne idan ƙarfinsa ya wuce iyakar da fayil zai iya ɗauka, wato 0 dB (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne), sai kwamfuta ta datse kan igiyar sautin, murya ta fito da kaushi mai damun kunne. A tsarin 16-bit, irin na faifan CD, lambar da ke wakiltar sauti ba ta wuce 32,767, kuma duk abin da ya haura nan ya salwanta. Tsarin 32-bit float kuwa yana riƙe abin da ya haura 0 dB ba tare da ya datse shi ba, shi ya sa manhajojin gyaran sauti na kyauta irin su Audacity da Ardour suke gudanar da aikinsu a kansa.

Da farko, ka duba saitunan Audacity ka tabbatar Default Sample Format yana kan 32-bit float, sannan ka kunna Show Clipping in Waveform a ƙarƙashin View, domin jajayen layuka su nuna maka inda sauti ya ƙetare iyaka. Idan ka ƙara wa murya kauri ko ka haɗa sautuka da yawa, sai jan layi ya bayyana, kada hankalinka ya tashi. Ka zaɓi sautin gaba ɗaya, ka yi masa Normalize (wato daidaita ƙarfinsa gaba ɗaya) zuwa -1 dB, za ka ga kan igiyoyin ya dawo yadda yake.

Sai dai wannan kariya tana aiki ne a cikin manhajar kawai, kuma a nan mutane da yawa suke yin kuskure. Idan sautin ya fashe tun a na'urar da ke karɓarsa daga makirufo, float ba zai dawo da abin da ba a ɗauka ba. Don haka lokacin ɗauka ka rage ƙarfin shigarwa har mafi ƙarfin murya ya tsaya wajen -12 zuwa -6 dB. A ganina gara sauti ya yi ƙasa a ɗaga shi daga baya.

Haka kuma lokacin fitar da fayil: fayil ɗin sauti na WAV mai 16-bit zai datse duk abin da ya haura 0 dB, don haka ka sauke matakin tukuna, ko ka sa Limiter (mai hana sauti wuce iyakar da ka saita) idan wurare kaɗan ne suka yi tsini. Mai amfani da SoX, wata manhajar sarrafa sauti da ake ba umarni a rubuce, ya lura cewa ita da cikakkun lambobi take lissafi, ba float ba, tana iya datse sauti a tsakiyar aiki, sai ya ƙara mata umarnin -G domin ta rage ƙarfin da kanta.