Zuwa Yeji a Bakin Tafkin Volta: Kurakuran da Baƙo Ya Fi Yi da Maganinsu

Yeji gari ne na masunta da 'yan kasuwa a bakin Tafkin Volta, a yankin Bono ta Gabas na ƙasar Gana. Hanyar motar da ta taso daga Kumasi, ta ratsa Mampong da Ejura da Atebubu da Prang, a nan take tuƙewa. Wanda zai wuce Salaga ko Tamale ta wannan ɓangare, dole ya ƙetare ruwa zuwa Makango. Bahaushe ba baƙon wannan hanya ba ne. A da, ta nan goron Asante ke ƙetarewa zuwa kasuwar Salaga inda fatake ke jiransa, kuma bayan yaƙin basasar da ya tarwatsa Salaga a 1892, 'yan kasuwarta da yawa sun watsu zuwa Yeji da Kete Krachi da Kintampo. Shi ya sa kana sauka a tasha za ka ji Hausa. Wannan jin Hausar kuwa shi ke sa mutum ya saki jiki fiye da kima, ya ɗauka gida ya zo, ya manta cewa ruwan da ke gabansa bai san shi ba.

Babban kuskure, wanda ke cin rai, shi ne ɗaukar tafkin kamar kogin da aka saba. Tafkin Volta ba daɗaɗɗe ba ne. Madatsar ruwa ta Akosombo da aka kammala a 1965 ce ta haifar da shi, ya mamaye fili kimanin murabba'in kilomita 8,500, aka tashi mutane wajen 80,000 daga garuruwansu. Da ruwan ya zo, ba a sare dazuzzukan da ke kwarin ba. Itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashinsa har yau, wasu ka ga kawunansu a waje, wasu kuma suna ɓoye ƙasa kaɗan da fuskar ruwa. Jirgin katako mai inji da ya ɗauko mutane da doya da buhunan gawayi da babura, in ya daki kututture ɗaya yana cikin gudu, katakonsa tsagewa yake yi. Haɗurran da ake ji a tafkin, yawancinsu ba sa wuce abu uku: kututture, lodi fiye da ƙima, da guguwa.

Maganin ba mai wuya ba ne, sai dai yana son haƙuri. In akwai babban jirgin fito na ƙarfe, wanda ke ɗaukar motoci, ka jira shi ko da zai ci maka rabin yini. In dole ce ta sa za ka shiga na katako, kada ka zauna kafin ka duba abu biyu. Dubi tazarar da ke tsakanin bakin jirgin da ruwa. In ka ga lodi ya danne shi har ruwa ya kusa taɓo baki, ka fita, kuɗin da ka biya ba su kai ranka ba. Sannan ka nemi rigar ceto, ka sa ta a jiki ka ɗaure, ba ka mayar da ita matashin zama ba kamar yadda wasu ke yi. Za ka ga 'yan gari suna maka murmushi. Ƙyale su. Da yawansu a ruwan suka girma, kai kuwa wataƙila iya iyonka bai wuce na kududdufin bayan gari ba.

Lokacin tafiya ma wani abu ne. Baƙo ya kwana lafiya, ya yi karin kumallo a natse, ya zaga kasuwa, sai bayan la'asar ya ce zai ƙetare. A daidai wannan lokaci ne hadari ya fi tasowa, musamman farkon damina daga Maris zuwa Yuni, kuma iska a faffaɗan ruwa ba ta ba da sanarwa. Ka ƙetare da safe. Kada ka yarda da tafiyar dare ko da mai jirgi ya rantse maka ya san hanya, domin a duhu ba mai ganin kututture. Da hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo kan rufe ɗaya gaɓar ɗungurum, wanda ya zo don ɗaukar hoton faɗuwar rana ya koma da farin hoto.

Kuskure na biyu ya fi na farko shiru, kuma mu Musulmi ya fi kamawa. An yi doguwar tafiya, ga zafi, ga ruwa shimfiɗe, sai mutum ya naɗe wando ya shiga ya yi alwala ko ya watsa ruwa. Gaɓar tafkin, inda ruwa ba zurfi kuma ciyawa ta yi yawa, matattara ce ta ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar tsargiya. Ba sai ka sha ruwan ba. Ta fata take shiga, cikin 'yan mintoci. Bayan tafkin ya cika, cutar ta yaɗu sosai a ƙauyukan bakinsa, abin da likitocin Gana suka daɗe suna fama da shi. Matsalar matafiyi ita ce ba ya ganin komai a lokacin. Sai ya koma Kano ko Maraɗi, bayan makonni ya fara zazzaɓi ko ya ga jini a fitsari, a yi ta ɗura masa maganin cizon sauro a banza. Ka yi alwala da ruwan famfo ko na rijiyar burtsatse ko na leda. Wajen shiga jirgi, nemi inda ba sai ka taka ruwa ba. In kuwa ka riga ka shiga, ka faɗa wa likita inda ka je da bakinka. Gwajin fitsari ne ko na bayan gida, maganin kuma ƙwayar praziquantel ce, ana shanta bisa nauyin jiki. Sauro dai ba sai an faɗa ba: ka zo da gidan sauronka, kada ka dogara da na masauki.

Akwai masu zuwa da jadawali a aljihu: zan isa ƙarfe kaza, in ƙetare ƙarfe kaza, in kwana Tamale. Garin ba ya tafiya da agogonka. Motar haya ba ta tashi sai ta cika, jirgin fito yana iya jiran manyan motoci, yana iya tsayawa gyara, kuma in an ƙetare ma sai an samu motar Salaga a Makango. Ka bar wa kanka sararin kwana ɗaya. Lokacin tashin jirgi kuma a bakin ruwa ake tambayarsa, daga bakin masu sayar da tikiti da 'yan dako, ba a intanet ba. Ka tuna agogon Gana yana bayan na Nijeriya da Nijar da awa ɗaya, wayar da ba ta gyara kanta ba takan tayar da mutum sallar asuba cikin dare.

Batun kuɗi gajere ne. Ka canza naira ko sefa zuwa sidi tun a babban gari, ka riƙe ƙananan takardu, don mai sayar da kifi ba ta da canjin babbar takarda da sassafe. A 2007 Gana ta cire sifiri huɗu daga kuɗinta, sidi 10,000 na da ya koma sidi 1, amma har yanzu akan samu dattawan da ke faɗin farashi da tsohon lissafi. In ka ji adadin da ya firgita ka, tambayi ko tsohon kuɗi ake nufi kafin ka fara faɗa. Katin rigakafin shawara kuma, wato katin nan ruwan ɗorawa, ka tanade shi tun daga gida, ana tambayarsa wajen shiga ƙasar.

Sai kuskuren da ya fi ba ni haushi, na ɗabi'a. Mutum ya ji Hausa a zango, sai ya ɗauka garin na Hausawa ne, ya riƙa yi wa kowa magana gatsal ba gaisuwa. Masu ƙasar Chumburu ne, suna da sarkinsu. Masuntan da yawa Ewe ne da mutanen Ada da suka hauro daga kudu bayan tafkin ya cika, ga Gonjawa daga ƙetare, ga masu jin Tuwi. Hausa harshen ciniki ce a tsakaninsu, ba shaidar mallaka ba. Hausar zango ma tana da nata salo, ba aikinka ba ne gyara wa dattijo magana a ƙofar gidansa. Ka fara da sallama, ka tambayi gida da iyali, kada ka miƙa kuɗi ko ka karɓi kaya da hagu. In za ka kwana biyu, je ka gai da limami ko sarkin zango. "Baba, baƙo ne ni daga Katsina, na zo in gaishe ku" ya isa ya samar maka masauki mai aminci da sunan mai jirgin da ba ya cika lodi. Tsarin maigida da baƙonsa da fatake suka rayu a kai bai mutu ba.

Kyamara ma tana jawo rigima. An daɗe ana cece-kuce kan sa yara aikin kamun kifi a wannan tafki, 'yan jarida da ƙungiyoyi sun sha zuwa, don haka mutanen bakin ruwa suna zargin duk baƙon da ya ɗaga waya yana ɗaukar yaro a kwale-kwale. Tambayi izini. In an ce a'a, mayar da wayar aljihu.

Wasu kuma sukan zo har Yeji su ƙare da burodi da shayi don tsoron abincin baƙon wuri. Asara ce. Da safe akwai koko da ƙosai, akwai shinkafa da wake irin ta Gana da ake dafawa da ganyen karan dawa har ta yi ja, a zuba mata baƙin yaji mai kifi. Da rana ka nemi gasasshiyar karfasa da banku, wato tuwon ƙullun masara da rogo mai tsami, ko tuwon zafi da miyar lalo. Abin lura kawai shi ne a ci da zafinsa, nama kuma a saya a wurin mahautan zango. Mai son tsarabar banda ya tambayi ranar kasuwa ya zo mata, lokacin da jirage ke shigowa daga ƙauyukan tafkin da kwandunan tarwaɗa da kurungu. Ka karya ɗaya ka duba cikinsa kafin ka yi ciniki: in da danshi ko tsutsa, ba zai kai Kumasi ba, balle Lome ko Legas. Ka naɗe shi a takarda cikin kwali, kada ka ɗaure shi a leda, gumi ne ke ruɓar da shi.