Yadda Matashi Zai Tunkari Kumburin Ƙarƙashin Ido da na Kumatu Kafin Ya Yarda da Allura ko Tiyata

Samari da 'yan mata da yawa a cikin Hausawan Jidda da Makka da Madina suna fama da kumburin da ke fitowa a ƙarƙashin ido ko a saman kunci, wanda yakan sa a riƙa tambayar mutum ko ba shi da lafiya ne alhali lafiyarsa ƙalau. Tallace-tallacen asibitocin gyaran jiki da ke cika Snapchat da Instagram, musamman gab da Sallah da lokacin rangwamen ranar ƙasa ta Saudiyya, 23 ga Satumba, sun sa ana ganin kamar allura ɗaya ce maganin komai. Gaskiyar maganar ita ce abin da ake kira kumburi abubuwa ne daban-daban, kuma maganin da ke gyara ɗaya yana iya ƙara ɓata wani. Saboda haka aikin farko shi ne a gane irin wanda ake fama da shi, kuma ana iya fara wannan a gida ba tare da an kashe ko riyal ɗaya ba.

A ɗauki hoton fuska sau biyu a rana, da an farka daga barci da kuma bayan la'asar, a wuri ɗaya da haske iri ɗaya, har tsawon mako biyu. Idan kumburin ya fi yawa da safe sannan ya ragu kafin yamma, to ruwa ne yake taruwa, domin fatar ƙarƙashin ido tana cikin mafi siranta a jiki kuma ruwa yana samun wurin zama a ƙarƙashinta idan mutum ya kwanta. Idan kuwa yana nan yadda yake dare da rana, kuma yana ƙara turowa idan an ɗaga ido sama ba tare da an motsa kai ba, to mai yiwuwa kitsen da ke kewaye da ƙwayar ido ne ya turo gaba, abin da yawanci gado ne a wajen masu ƙananan shekaru, kuma duban fuskar iyaye da 'yan uwa yakan tabbatar da hakan. Akwai kuma wanda ba shi da kumburi sam, kwarmi ne kawai yake da shi daga gefen hanci zuwa ƙasan ido, sai inuwa ta sa abin da ke samansa ya zama kamar ya kumbura. Irin wannan yakan ɓace a hoto idan haske ya haska fuskar daga gaba. Na huɗu shi ne tudun da ke zama can ƙasa a kan ƙashin kunci, nesa kaɗan da fatar ido, kuma shi ne ya fi wuyar magani. Ɗan naɗin da ke fitowa dab da gashin ido lokacin murmushi tsoka ce lafiyayyiya, bai kamata a taɓa ta ba.

Kafin a yi maganar ado, akwai alamomin da ke mayar da lamarin na likitan cikin jiki. Kumburin ido da safe tare da kumburin ƙafa da fitsari mai kumfa yana iya nuna cewa ƙoda tana zubar da furotin. Kumburi tare da kasala da jin sanyi da ƙiba ba dalili, ko kuma fitowar ido waje da bugun zuciya da rama, yana iya kasancewa daga tayirod, wato halittar da ke gaban wuya. Gwajin jini da na fitsari a kowane mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa, ya isa ya ware waɗannan. Kumburin da ya zo farat ɗaya a ido ɗaya da ja da zafi da zazzaɓi, ko wanda ya haɗa da leɓe da harshe da wahalar numfashi, na sashen gaggawa ne a wannan lokacin.

Dole ne in tsaya a kan ƙwayoyin ƙiba da man bilicin, domin a nan ne 'yan matanmu da dama suke cutar da kansu ba tare da sun sani ba. Yawancin ƙwayoyin da ake sayarwa a ɓoye don a yi ƙiba kafin biki suna ɗauke da kotizon, irin su dexamethasone, kuma cikar da suke kawowa a fuska ruwa ce da kitse mara kyau, ga hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi da suke biyo baya. Haɗe-haɗen man shafawa da ake sayarwa ba tare da suna ba sukan ƙunshi kotizon mai ƙarfi kamar clobetasol, wanda ke sa fata ta yi siriri, kuma idan ana shafa shi kusa da ido yana iya ɗaga matsin ruwan ido ko ya kawo yanar ido. Wadda ta daɗe tana shan waɗannan ƙwayoyi kada ta daina su rana ɗaya, domin jiki yakan rage samar da nasa kotizon ɗin, kuma yankewa kwatsam tana da haɗari ga rai. Ta je ta gaya wa likita gaskiyar abin da take sha don ya rage mata shi a hankali.

Idan an tabbatar ruwa ne, maganin yana hannun mai shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da babba ke ci ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma abincin da aka saba ci da tsakar dare a nan, kamar soyayyar kaza ta shago da taliyar leda da zaitun da mukhallal (kayan lambu da aka tsima a ruwan gishiri) da miyar da aka cika wa dunƙule, yana wuce wannan nesa ba kusa ba. Wannan ne ma ya sa ƙorafin yake ƙaruwa a watan azumi, lokacin da ake cin abinci mai nauyi da sahur sannan a kwanta bayan asuba. A nemi barcin sa'a 7 zuwa 9, a ƙara matashin kai ɗaya don kai ya ɗan ɗaga, a daina kwanciya rub da ciki, a kuma rabu da shisha da sigari. Da safe a ɗora tsumma mai sanyi ko jakar shayi da aka sanyaya a kan rufaffen ido na minti 10, ba ƙanƙara tsirara ba. Mai yawan atishawa da ƙaiƙayin ido da toshewar hanci ya sani cewa ƙura da na'urar sanyaya ɗaki da ba a wanke matatarta ba da hayaƙin turaren wuta suna tayar da alaji, kuma murza ido yana ƙara kumburi da baƙi. Ƙwayoyi irin su cetirizine ko loratadine da ake samu a saidaliyya, wato kantin magani, suna taimakawa ƙwarai. Ƙwayar sa fitsari kuwa, wadda wasu ke ba juna, ba ta da gurbi a nan ko kaɗan.

Man ido na kanti amfaninsa kaɗan ne. Mai sinadarin kafeyin yana rage kumburin ruwa na 'yan sa'o'i, mai retinol yana ƙara wa fata kauri bayan watanni amma mai ciki ba ta amfani da shi, kuma babu wani mai da ke narkar da kitsen da ya turo komai tsadarsa.

Allurar cike gurbi, wadda ake kira fila, ita ce aka fi tallatawa kuma ita ce aka fi yin kuskure a kanta. Aikinta cike kwarmi ne, don haka tana dacewa da wanda matsalarsa inuwa ce, mai fata mai ƙwari da ba ya tara ruwa. Sinadarin da ake amfani da shi, hayaluronik asid, yana jawo ruwa zuwa kansa, saboda haka idan aka zuba shi a fuskar da dama take tara ruwa, ko wadda ke da tudu a kan ƙashin kunci, sai kumburin ya ƙaru, wani lokaci ma bayan watanni ko shekaru, domin a wannan wurin yakan daɗe fiye da shekara ɗayan da ake faɗa wa mutane. Ko a Amurka, sai a 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta amince da Juvéderm Volbella don ƙarƙashin ido, sannan Restylane Eyelight a 2023, kuma amincewar ta kwarmi ce, ba ta kumburi ba. Alherin wannan sinadari shi ne ana iya narkar da shi da allurar hayaluronidas, kuma duk wanda kumburinsa ya fara bayan an yi masa fila, narkarwar ce ya kamata ya fara tambaya a kai. Haɗarinsa mafi girma shi ne shigarsa cikin jijiyar jini, abin da ba ya yawan faruwa amma yana iya kashe fata ko ya makantar. A ganina wannan kaɗai ya isa ya hana kowa miƙa fuskarsa ga mai yin allura a mashgal, wato shagon kwalliyar mata, ko mai yawo gida-gida da jaka, kuma ya isa a guji duk wata fila da aka ce ta dindindin ce, irin ta silikon, wadda ba a iya narkarwa. Botox, maganin allura da ke sassauta tsoka, a ƙasan ido ma yana iya ƙara kumburi, domin yana raunana tsokar da ke taimakawa wajen tura ruwa.

Kitsen da ya turo kuwa tiyata ce kawai ke kawar da shi. Ga matashi mai fata mai ƙarfi, likitoci sukan bi ta cikin fatar ido ta ƙasa, inda babu tabon da za a gani a waje, kuma wannan yana da muhimmanci ga baƙar fata da tabo kan yi duhu ko ya yi tudu a kanta. Ƙwararru da yawa yanzu sun fi son su shimfiɗa kitsen zuwa cikin kwarmin da ke ƙasansa maimakon su cire shi duka, domin idon da aka kwashe wa kitse da yawa yakan zurma ya tsufa da wuri. Aikin yakan ɗauki kimanin sa'a ɗaya, ana komawa gida a ranar, kumburi da taruwar jini sukan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, amma kamanni na ƙarshe sai bayan watanni. Ana iya samun bushewar ido ko janyewar fatar ido ƙasa, kuma ciwo mai tsanani da raguwar gani bayan aikin alama ce ta zubar jini a bayan ido, wadda ke buƙatar komawa asibiti nan take.

Tudun kan ƙashin kunci ba ya tafiya da wannan tiyatar, kuma likitan kirki zai faɗi hakan tun farko. Ana gwada masa na'urorin da ke ɗumama ƙarƙashin fata da ƙananan allurai, sakamakon kuma matsakaici ne. Leza mai ƙona saman fata tana yawan barin baƙin tabo a fatarmu, don haka a tambayi likita irin gogewarsa a kan baƙar fata, a kuma nemi a gwada a ƙaramin wuri tukuna.

Game da cikar kumatu, a fara duba nauyin jiki da haƙora da kuma ƙwayoyin da aka ambata. Faɗin muƙamuƙi da ke zuwa daga cizon haƙora cikin barci ko yawan taunar cingam tsoka ce, kuma Botox yana rage ta na wata 4 zuwa 6. Cire kitsen cikin kunci ta cikin baki, wanda ya zama abin yayi, shi ne abin da na fi jan kunnen matasa a kai, domin ba a mayar da shi idan an cire, fuska kuma tana ramewa da kanta yayin da shekaru ke tafiya, ta yadda cikar da ke damun mai shekara 22 ita ce za ta riƙe masa fuska a shekara 45. Wurin kuma yana kusa da bututun yawu da reshen jijiyar da ke motsa fuska.

Masu tambaya kan hukuncin shari'a za su iya duba matsayar Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa da ke Jidda, wadda a zamanta na 2007 a Malesiya ta bambanta tsakanin gyaran aibi da ke cutar da mutum a jiki ko a rai, da kuma sauya halitta lafiyayyiya don kwaikwayon wasu, sannan kowa ya kai wa malamin da ya amince da shi bayanin halinsa.

Wanda ya yanke shawarar zuwa iyada, wato asibitin da ake yin irin wannan aiki, ya tabbatar likitan yana da rajista da Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta Saudiyya, abin da ake iya dubawa a shafinta na intanet, kuma ya fi kyau ya zama likitan ido da ya ƙware a tiyatar fatar ido, ko likitan tiyatar gyaran jiki, ko likitan fata idan allura ce. A nemi a buɗe kwalin maganin a gaban ido, a ga sunansa da ranar ƙarewarsa, a tabbatar Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya ta yi masa rajista, a kuma tambaya ko akwai hayaluronidas a ajiye a wurin. A gaya wa likita duk maganin da ake sha, musamman asfirin da masu tsinka jini, da batun ciki ko shayarwa. Inshorar lafiya galibi ba ta biyan aikin ado, don haka a karɓi farashin a rubuce tare da kuɗin dawowa idan an samu matsala. Ana kai ƙorafi ko neman shawara ga Ma'aikatar Lafiya ta lambar 937. Amarya ko ango da ke son gyara kafin biki su bar aƙalla wata ɗaya tsakanin allura da ranar ɗaurin aure, wata uku kuma idan tiyata ce.